Ranar da Maɓallina Ya Ƙi Mutanen Maraɗi

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta wata ranar kasuwa a Jibiya, ranar da wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar goro girma ba ya tsayar da gareji guda cak, ya kusa hana wani bawan Allah halartar sunan ɗansa. An kwashe shekaru, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, daga baya kuma kunya ta biyo.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida daga Katsina ba, inda na karanci kwamfuta. Aiki bai samu ba, sai zaman gida da jin kai. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban wani garejin lodi da ke kan hanyar iyaka, inda manyan motoci ke ɗaukar hatsi da sauran kaya, wasu su yi kudu, wasu su tsallaka Maraɗi. Ƙa'idar wurin ita ce babu motar da za ta fita sai an ba direba takardar sallama mai ɗauke da lambar mota, da irin kayan da aka loda, da inda za a kai su, shi kuma ya miƙa wa maigadi a bakin ƙofa. Wani dattijo ne yake rubuta takardun nan da hannu tun kafin a haife ni. Kowa Baba Magatakarda yake ce masa, siririn mutum mai gilashi, ba ya son hayaniya.

Wata rana Kawu ya zo gaida mahaifiyata, yana ƙorafin yadda direbobi ke rigima kan wanda ya riga wani a layi, ga littafin Baba ruwa ya taɓa dukansa har wasu shafuka sun manne. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, zan rubuta musu manhajar da za ta riƙe layi, ta buga takardar sallama cikin ƙiftawar ido. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya ce to, a gani.

Wata biyu na yi ina fama. Aka samo kwamfutar hannu da 'yar ƙaramar firinta. Da yake ba kowa a garejin ke karanta boko da sauri ba, sai na sa wa kowane maɓalli ɗan hoto: na shigar da mota yana da hoton mota, na kaya yana da hoton buhu, na sallama kuwa na zana masa ƙofa a buɗe, koriya shar. Wannan ƙofar na fi so a duk aikin, kwana uku na yi ina gyara mata kusurwa. Na kuma tsara cewa maɓallin sallama ba zai yi aiki ba sai an cike kowane gurbi daidai, don kada a buga takarda da giɓi. Wannan dabara ce mai kyau, har gobe ina kan bakana. Inda na kauce shi ne wajen kamannin maɓallin a lokacin da yake a kashe.

A makaranta an koya mana, ba sau ɗaya ba, cewa maɓallin da bai shirya aiki ba a dusashe shi, a janye masa launi, yadda mai kallo zai gane tun kafin ya kai yatsa. Na gwada. Na mayar da ƙofata ruwan toka, na ja baya na kalla, sai na ga kamar an watsa wa sabuwar atamfa toka. Raina ya ƙi. Na ce ai akwai hanyar da ta fi wannan kyau: in maɓallin yana aiki, kore, in a kashe yake, kore ne dai amma an ɗan sassauta shi kaɗan. A ɗakina, labule a sake, bambancin a fili yake. Na yaba wa kaina sosai a ranar, har na ji tausayin malamanmu da ba su da idon kwalliya.

Ranar da za a fara aiki da ita Kawu ya zaɓi ranar kasuwa, wai don kowa ya shaida. Ya tara 'yan kwamiti a ƙarƙashin rumfar kwano, aka yi addu'a, ya sanar cewa daga yau an daina takardar hannu. Ya kira maigadi gaban jama'a ya ce masa, "Ko ni na zo maka da rubutun biro, kada ka buɗe ƙofar ga." Na zauna kusa da Baba Magatakarda na nuna masa yadda ake yi. Mota ta farko ta Kano ce. Baba ya cike gurabe a hankali, ya danna ƙofa, firinta ta yi ɗan kukanta ta tofo takarda. Aka yi kabbara. Ta biyu da ta uku da ta huɗu duk haka. Wajen azahar na sallami kaina da kaina, na tafi gida cin abinci, ina tafiya kamar wadda ta gina dam ɗin garin.

Ina tsakiyar cin dambu, ina ba mahaifiyata labarin yadda manya suka yi ta sa mini albarka, sai waya ta yi ƙara. Kawu ne.

"Ɗiyata, maza ki taho. Abin ga naki ya yi yaji."

Na ce, "Kawu, wane irin yaji kuma?"

"Ke dai taho ki gani da idonki."

Na suri jakar laftof ɗina na tari ɗan acaɓa. Tun daga nesa na hango taro a rumfar, kamar ana rabon wani abu. Mota ta biyar ce ta tsaya, ga wasu sun yi layi a bayanta. Direbanta mutumin Maraɗi ne, kakkaura mai ƙaramar hula, ya lodo masara, a saman buhuna kuma ya ɗaure wani farin rago. Ashe matarsa ce ta haihu, washegari suna, ragon sunan ke nan, kuma so yake ya wuce iyaka ido na ganin ido.

Abin da aka yi kafin in iso daga baya aka ba ni labari, amma na tarar da wutsiyarsa. Baba ya cike komai ya danna ƙofa, shiru. Ya goge yatsa a riga ya sake dannawa, shiru. Mai shayi ya ce ai yatsan manya bushewa yake yi, sai an ɗan jiƙa shi, aka kawo ruwa a murfin buta. Ba ta motsa ba. Wani ya ce sabis ne ya ɗauke, aka ɗaga na'urar sama ana zagaya gareji da ita, har wani ya hau kan tarin buhuna yana miƙa ta wajen gabas, alhali manhajar ba ruwanta da sabis. Daga nan aka shiga gwajin yatsu. Duk wanda yake jin hannunsa na da sa'a ya zo ya danna. Lokacin da na kutsa cikin taron, wani ƙaton ɗan dako ne ya dafe ƙofata da babban yatsa yana murzawa, kamar mai kashe kuɗin cizo. Duk dannawa ɗaya kuwa sai ragon nan ya amsa daga saman mota, jama'a su kwashe da dariya.

Direban kam ba dariya yake ba. Da aka ce masa ga mai abin ta iso, ya juyo gaba ɗaya.

"Madam, ke kika yi ordinatar ga?" Haka suke kiran kwamfuta a wajensu.

Na ce ni ce.

"To ki gaya mini mi na yi mata. Mota huɗu sunka wuce gabana, ba ta ce musu komi ba. Ni da na zo, ta ɗaure huska. Wallahi abin ga ba ta son mutanen Nijar."

Na yi murmushin masu ilimi. Na ce, "Haba Malam, na'ura ba ta san ɗan Nijar ba, ba ta san ɗan Najeriya ba. Abin da aka tsara mata kawai take bi." Na faɗi haka da ƙarfi don na baya su ji.

Sannan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na juya wajen Baba Magatakarda, a gaban kowa, na ce, "Baba, ka tabbata ba ka taɓa wani wuri ba?" Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga. Na kuma hango gefen tsohon littafinsa a ƙarƙashin tabarmar da yake zaune, sai na yanke a raina cewa tsohon nan daɗi yake ji, jira yake abina ya mutu ya koma wa bironsa.

Na karɓi na'urar. Na duba gurabe, duk a cike. Na dubi ƙofata, ga ta nan koriya, tana kallona kamar ba abin da ya faru. Na danna da yatsa ɗaya, da yanga. Shiru. Na sake. Rago ya amsa. Na kashe na'urar na kunna, aka sake cike komai, na danna. Na zare wayar firinta na mayar. Na hura mata iska, ni da na gama gaya wa mutane cewa na'ura tsari take bi. Gumi ya fara bin bayana ta cikin mayafi. Wato ni da na zana maɓallin da hannuna, ni ma ya ruɗe ni. A hasken ranar Jibiya, ƙarƙashin kwano, koren nan biyu da na yi ta alfahari da su sun zama abu ɗaya. Ko kaɗan bai zo mini a rai cewa a kashe yake ba.

Wasu 'yan kwamiti suka fara gunaguni, a fiddo littafi a sallami mutum. Maigadi ya ce shi dai an gaya masa abin da aka gaya masa. Direba ya dafa kai yana kiran sunan Allah. Na dubi Kawu. Na san in aka buɗe littafin nan a ranar, ba za a sake rufe shi ba, kuma maganar da ya yi da safe gaban jama'a ita za ta zama abin hira a tasha. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "A ba ta zuwa kiran la'asar. In an kira salla ba ta yi ba, Baba ya rubuta."

Gaskiyar magana, ba don bincike na shiga ɗakin ajiya ba. Hawaye ne suka taho, ban so a gani. Ɗakin yana bayan rumfar, duhu-duhu, a nan wata dattijuwa mai sayar da abinci a bakin garejin take ajiye tukwanenta. Inna kowa ke ce mata. Na same ta zaune tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna kan buhu, na ɗora na'urar a cinya, na share ido. Ina duban fuskar na'urar sai na ga ƙofata ta canza. Koren ya yi sanyi, irin sassautawar nan da na yi a ɗakina.

Sai na gano matsalar maɓallin. A kashe yake! Tun ɗazu a kashe yake, yana jiran a gyara wani gurbi. To wanne? Na goge lambar motar direban na sa lambar motar Kano ta safe, nan take ƙofa ta yi shar. Na mayar da tasa, ta sake yin sanyi. Sai a lokacin na tuna. Da nake tsara gurbin lamba, na sa manhajar ta riƙa duba ko lambar ta bi tsarin lambobin motocinmu na nan, don kada a yi kuskure. Lambar motocin Nijar kuwa tsarinta daban. Ni da aka haifa a garin da ake jiyo rediyon Maraɗi kamar a tsakar gida, na rubuta manhajar garejin iyaka na manta akwai wata ƙasa a gaba.

Na ce, "Innalillahi," da ƙarfi.

Inna ta ɗago. "Ke ɗiyar ga, mi ya same ki?"

Ina zaro laftof ina haɗa waya, na yi mata bayani iya yadda zan iya: maɓallin ba lalacewa ya yi ba, rufe kansa ya yi, amma bai nuna ya rufe ba.

Ta ce, "To ai shi ya ja wa kansa murza. Ni in shinkahwata ta ƙare, kihe robar nake bisa tebur. Mai tahowa tun daga bakin titi zai hango, ba ya wahalar da ƙahwa tai. Teburin dai ba na ɗauke shi, kada a ce na tashi. In mutum ya matso kuma in ce mishi tana bisa wuta, ya dawo an jima. Amma in bar roba a buɗe da ludayi ciki, mutane su yi layi, ina kallonsu? Ai sai a zage ni."

Na tsaya da hannu a kan laftof ina kallonta. Darasin da aka yi mana a aji da manyan kalmomi, ga shi an maimaita mini a kan farantin shinkafa, kuma wannan karon ya shiga.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba, layi biyu ne. Na sassauta sharaɗin lambar, na tura sabuwar manhajar cikin na'urar, na fito. Ladan yana gyaran murya a lasifika lokacin da na miƙa wa Baba na ce ya danna. Ya ɗan yi jim, kamar mai tsoron taɓa garwashi, sannan ya kai yatsa. Firinta ta yi kuka. Garejin ya ɗauki ihu.

Kawu ya ce, "To mi ya hana ta tun ɗazu?"

Amsa mai sauƙi tana bakina. Da na ce sabis ne, ba wanda zai musa, har wanda ya hau buhuna zai samu abin alfahari. Amma Inna ta fito tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya da farantinta, ga kuma Baba a zaune. Na ce laifina ne, ba wanda ya taɓa komai, manhajar ce ba ta karɓar lambar motocin Nijar.

Sai direban nan ya daka tsalle.

"Na hwaɗi! Jama'a, ban hwaɗi ba? Madam ta ce ordinatar ba ta san ɗan Nijar ba. Ashe ta san mu sarai!"

Dariyar da aka yi a ranar, ina jin har Magama, can bakin iyaka, an jiyo ta. Kawu ya riƙe ciki, hawaye na zuba, ya nuna ni ya ce, "Kakarki da ta haihi uwarki mutuniyar Maraɗi ce. Kin yi na'urar da za ta tsare kakarki a bakin ƙohwa!" Direban ya karɓi takardarsa, fushin duk ya tafi, har ya ce in na samu hali in zo suna, za a ajiye mini cinya. Ya yi salla a gurguje ya ja motarsa, maigadi ya buɗe ƙofa yana duba takardar gaba da baya.

Na ɗauka shi ke nan, abin ya ƙare a dariya. Sai da Kawu ya rage mini hanya a motarsa ya gaya mini sauran. Ya ce kafin in iso, bayan Baba ya danna ya danna abin ya ƙi, sai Baban ya ja Kawu gefe ya ce masa a nemi wani ya karɓi aikin. Wai ya ga alama zamaninsa ya wuce, ido ya yi rauni, yatsun ma na'ura ba ta jin su. Littafin kuwa da na hango, ya kawo shi ne don ya miƙa wa Kawu a ajiye.

Washegari da hantsi na koma garejin. Na durƙusa na gaida Baba, na ba shi haƙuri kan maganar da na yi masa a gaban mutane. Ya ce ba komai, yaro da kuskure. Na ce to ina neman taimako, so nake ya zama alƙalin maɓallin nan. Muka fito da benci tsakar rana, inda haske ya fi tsanani, ina canzawa yana dubawa. Na fara dusashe ƙofar sosai, ya ce, "Wannan kam an sace ta." Na ɗora mata jan kuros, ya ce direba na ganin haka zai ce an kama motarsa. A ƙarshe muka tsaya kan abin da na guje wa tun farko: ƙofar tana nan a wurinta da siffarta, ana ganinta sarai, amma ruwan toka, a shafe, ba inuwar nan da ke sa maɓalli ya yi kamar ya taso yana kiran yatsa. A ƙarƙashinta na sa rubutu ya riƙa faɗin abin da ya rage, gurbin da ke da matsala kuma ya zagaye kansa da layi mai kauri. Baba ya sa gilashi ya duba, ya cire ya duba, ya kira mai shayi ya tsaya daga nesa ya duba. Sannan ya ce, "Yanzu ta yi. In ta yi toka, na san ba ni ba ne." Ya ci gaba da aikinsa a garejin shekaru bayan haka, kuma shi yake koya wa sababbin 'yan kwamiti yadda ake sarrafa ta.

Abin da ranar ta koya mini ya wuce zaɓen launi. Na gane cewa in abu ya ƙi aiki bai nuna ya ƙi ba, bai kuma faɗi dalili ba, mutane ba abin suke zargi ba, kansu suke zargi, kuma waɗanda suka fi kunya da kawaici su suka fi shan wahalar. Tun daga lokacin, duk abin da na ƙera, ina fara tambayar yadda zai yi kama a sa'ar da ba zai iya ba, kafin in damu da kyansa a sa'ar da zai iya. Ni kaina ma na ɗauki halin. In an nemi abu a wurina ba zan iya ba, na daina murmushi ina cewa "to, za a gani". Ina faɗa tun da wuri, in faɗi abin da ya hana, don kada wani ya koma gida yana duban yatsunsa.